'Yar Cajar Batir da Bugunta Huɗu

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne in yi magana a kan wani ɗan abu wanda bai fi girman babban yatsa ba, amma kuwa da wuya ka shiga gida a garinmu ba ka tarar da shi ko ɗan'uwansa ba. Yana ɓoye a cikin fitila mai caji, da ƙaramar fanka, da rediyo, da abin nan na ajiye wuta da mu ke kira fawa bank. Masu gyara suna ce masa fanel na caji. Aikinsa shi ne ya karɓi wuta daga caja ya zuba wa batir daidai gwargwado.

Mu ɗalibai mun san littafi yana da bugu na farko da bugu na biyu. A bugu na biyu akan gyara abin da ya karkace, a ƙara babi, wani lokaci a sake bango. To, kayan lantarki ma haka su ke. Bambancin kawai shi ne, littafi ana rubuta bugunsa a shafin farko, shi kuwa wannan fanel ba a rubutawa. Sai mai lura ne zai gane.

Ni dai a rumfar kawuna na san shi. Kawu gyaran waya ya ke yi a kasuwa, ni kuma in an yi hutu can na ke yini. Yana da wani gwangwanin madara cike da waɗannan fanel, sababbi da waɗanda ya ciro daga matattun fitilu. Ran nan ya ce in ware masa su. Da na baza su bisa tebur sai na ga kowanne yana ɗauke da ɗan baƙin cif mai ƙafa takwas, an rubuta masa TP4056, amma ƙirar ta kasu uku. Na ce, "Kawu, yaya suna ɗaya amma fuska dabam-dabam?" Ya ce, "Yaro, kowace fuska ka gani, wata wahala ce ta haife ta. Ɗauki gilashin nan ka duba da kanka." Wani kamfani ne a birnin Nanjing na ƙasar Sin ya fito da cif ɗin, amma fanel da a ke ɗora shi a kai, masana'antu barkatai ne ke bugawa, ba mai sa sunansa. Don haka kiran da na ke yi musu bugu na farko da na biyu, ni na raɗa musu bisa ga wanda ya riga wani fitowa.

Kafin in ci gaba, ya kamata a san halin batirin da a ke yi wa wannan hidima. Batirin litiyom ne. Kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da irinsa a 1991, kuma a 2019 aka ba mutum uku kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda shi, watau John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Wanda muka fi gani a kasuwa shi ne mai kama da gaɓar rake, mai lamba 18650. Lambar ma bayani ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. In ka fasa batirin tsohuwar laftof, galibi guda shida za ka tarar a jere.

Wannan batir yana da ƙarfi ƙwarai, amma ba ya son wasa. Ana auna ƙarfin turin wuta da ma'aunin da a ke kira bolt. In ya cika yana kan bolt 4.2, yawancin aikinsa yana yi a kan 3.7, in ya sauko wajen 3 kuwa ya gaji. Aka matsa masa ya wuce 4.2 da yawa, sai ya yi zafi, ya kumbura, har ya iya kama wuta, irin wutar da ke da wuyar kashewa. Aka tatse shi ya faɗi ƙasa ƙwarai, sai cikinsa ya lalace, ya zama abin tsoro ran da aka sake yi masa caji. Kada wani ya ce ƙananan masana'antu kaɗai abin ke samu. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwannin duniya, ya daina ƙera ta ɗungum, saboda batirinta yana kama wuta.

Bugu na farko shi ne mai bakin Mini-USB, irin bakin tsofaffin kyamarori. Ba kome a kansa sai cif ɗin, da 'yan fitilu biyu, da ƙananan rezista, watau 'yan ƙwayoyin nan masu rage gudun wuta. Amma yadda ya ke caji abin sha'awa ne. Duk wanda ya taɓa cika jarka a famfo ya san dabarar: ka buɗe famfo sosai, in ruwa ya kusa baki ka rage, ka rage, har ka rufe. Haka cif ɗin ke yi. Yana tura wuta da gudu ɗaya har batir ya kai bolt 4.2, sa'an nan ya tsaya a nan yana rage gudun. In gudun ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma na farko, sai ya rufe, jar fitila ta mutu, shuɗiya ta kama. In kuwa ya tarar batirin ya yi ƙasa da wajen 2.9, ba ya auka masa, sai ya riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan kamar mai ba marar lafiya kunu.

Akwai wata rezista ɗaya da ke yanke yawan gudun. In ka duba da gilashi za ka ga an rubuta mata 122, ma'ana om 1,200, kuma ita ke sa fanel ya tura amfiya ɗaya. Wannan ya yi wa 18650 daidai, amma ya yi wa ƙaramin batiri irin na abin sauraron kunne yawa nesa ba kusa ba. Kawu yakan cire ta ya sa mai om 5,000, gudun ya koma wajen rubu'in amfiya. Na tambaye shi ko masu gyara duka suna yin haka, sai ya yi murmushi bai ce kome ba.

Aibin bugu na farko shi ne ya san cikawa, bai san tsaro ba. Da zarar ka zare caja, ya gama nasa. Fitila za ta yi ta zuƙar batir har ta tatse shi ƙaf, ba mai ce mata ta bari. In kuwa wayoyin wuta biyu suka haɗu, ja da baƙa, to ba abin da zai shiga tsakani.

Wannan wahala ce ta haifi bugu na biyu, wanda a ganina shi ne gyara mafi girma a dukan labarin. An sake baki zuwa Micro-USB domin wayoyin hannu sun koma can, amma ba wannan ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne an ƙara 'yan cif biyu. Ɗaya mai ƙafa shida ne, sunansa DW01A, shi ne mai gadi. Ɗayan kuma an rubuta masa 8205A, shi ne ƙofa. Mai gadi ba ya barci, kullum idonsa na kan batir. In ya ga ya haura wajen bolt 4.3, ko ya faɗo wajen 2.4, ko an ja wuta fiye da kima kamar sa'ad da wayoyi suka haɗu, nan take ya rufe ƙofa. Na ga haka da idona. Kawu ya haɗa bakin fitar wuta da tsinken ƙarfe da gangan, aka ga ɗan tartsatsi, shi ke nan, mita ta nuna sifiri. Ƙofar ba ta sake buɗewa ba sai da ya soka caja.

A nan ina roƙon iyayenmu su lura. Ba kowane mai bakin Micro-USB ne ke da mai gadi ba. Akwai waɗanda bakin kawai aka sake, ciki kuwa bugu na farko ne. Kama da wane ba wane ba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce ko ga wanda bai san lantarki ba: a ƙidaya wuraren dalma a gefen da batir ke kamawa. In biyu ne, ba mai gadi. In huɗu ne, biyu an rubuta B biyu an rubuta OUT, to akwai. Wanda ya kai fitila gyara yana da ikon cewa a nuna masa fanel da za a sa kafin a rufe. Bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, fitilar kuwa a ɗakin kwana za ta kwana, kusa da katifa da gidan sauro.

Duk da haka ba zan ce bugu na biyu ya gama magana ba. Bolt 2.4 ya yi ƙasa. Mai gadin yana hana gobara ne, ba ya hana tsufa, kuma batirin da a ke kai wa can kullum ba zai yi tsawon rai ba. Haka nan in aka juya batir, kai ya koma gindi, cif ɗin caji yakan ƙone kafin ka ƙifta ido. Cikin gwangwanin Kawu akwai da dama masu ɗan ƙuraji a baya, duk shaidar haka ce.

Sai maganar zafi, wadda ita ta fi damuna. Caja tana kawo bolt 5, batir yana kan 3.7. Ina sauran 1.3 ke tafiya? Malaminmu na fizik ya koya mana cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, sai dai ya sake kama. To, a nan zafi ya ke komawa. Bolt 1.3 sau amfiya ɗaya ya ba da wat 1.3, duk a kan abin da bai kai ƙwayar wake ba. In ka taɓa shi yana caji za ka janye yatsa. Masu ƙirar cif sun san haka, sun sa shi ya riƙa rage gudu da kansa in ya ji zafi ya yi yawa. Amma wannan kansa ya ke karewa. Batirin fa? Ƙa'idar irin waɗannan batura ita ce kada a yi musu caji in zafinsu ya wuce digiri 45. Mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle cikin rufaffiyar roba a ɗaki mai rufin kwano.

Abin mamaki, cif ɗin yana da maganin wannan. Cikin ƙafafunsa takwas, ta farko an yi ta ne domin a haɗa mata ɗan ma'aunin zafi da za a manna a jikin batir, in zafi ya wuce kima caji ya tsaya. Na bi layin wannan ƙafa da gilashi a kan kowane fanel da ke gwangwanin, na tarar duk an toshe ta, an haɗa ta da ƙasa don kada ta yi aiki. Daga bugu na farko har na uku ba wanda ya taɓa ta. An sake baki sau biyu domin a bi yayin waya, amma abin da ya fi shafar mutumin ƙasar zafi an bar shi yadda ya ke. Ni a ganina dalilin bai wuce wannan ba: baki ana ganinsa a kanti, ma'aunin zafi kuwa ba mai tambaya.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ba kowa ya sani ba. Mutane da yawa suna kunna fitila alhali tana kan caji. Ku tuna cif yana jiran gudu ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma ne kafin ya rufe. To, in fitila na sha ta gefe, gudun ba zai sauko ba. Kamar mai cika jarka mai huji ne, ba ranar rufe famfo. Batir sai ya yini a matse a kan 4.2, abin da ke tsofar da shi da wuri.

Bugu na uku shi ne mai bakin USB-C, wanda ba ya da sama ba ya da ƙasa. An fitar da ƙa'idar wannan baki a 2014, kamfanin Apple ma ya koma kansa a 2023 da iPhone 15, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi ga sababbin wayoyi daga ƙarshen Disamba 2024. Sai dai USB-C yana da ladabi. Caja ta ainihi ba ta sakin wuta sai ta tabbata akwai mai karɓa, kuma tana ganewa ne ta rezista biyu masu om 5,100 da ya kamata a sa a bayan bakin. Wasu masu buga fanel sun manna sabon baki sun bar rezistocin. Sakamakon haka, in ka yi amfani da tsohuwar igiya mai faffaɗan kai a gefe ɗaya, caji zai yi. In ka kawo sabuwar igiya mai USB-C kai da kai, ko ƙyaftawa fitila ba za ta yi ba. Wata mata ta dawo wa Kawu da fitila har sau biyu tana cewa bai gyara ba. Ya ce, "Hajiya, don Allah kawo mini igiyar da ki ke sawa." Da ta kawo, sai ya gane inda gizo ke saƙa, ya sake mata fanel da mai rezistocin.

Manya ma sun yi tuntuɓe a wannan wuri. A 2019 aka fito da ƙaramar kwamfutar nan ta koyo, Raspberry Pi 4, wadda mutanen Kambirij na Ingila suka ƙago. A maimakon rezista biyu sai suka sa ɗaya ta yi aikin biyu, wasu igiyoyi masu tsada suka ɗauke ta abin sauraron sauti ce, suka ƙi ba ta wuta. Su dai sun amsa, sun gyara a bugun da suka sa wa lamba 1.2. Ga amfanin lamba ke nan: mai saye yana iya tambaya. Namu fanel kuwa, mai rezista da marar rezista a leda ɗaya a ke zuba su.

Duk wannan caji ne kawai. Kafin abu ya zama fawa bank sai an ɗaga bolt 3.7 na batir ya koma 5 da waya ke so, wannan kuwa wani fanel ne dabam. A ƙungiyarmu ta kimiyya mun haɗa guda a zangon da ya wuce. Mun samo batura daga tsohuwar laftof, Malam ya sa muka auna kowanne, wanda ya yi ƙasa da bolt 2 aka ware shi gefe. Muka zaɓi uku, muka yi musu caji ɗaya bayan ɗaya har suka daidaita kafin a haɗa su, domin in ɗaya ya fi ɗaya cika, zai kwarara cikin ɗan'uwansa da ƙarfin da zai iya narka waya. A nan ne Malam ya kawo abin da na ke kira bugu na huɗu, ko da ya ke shi ɗan wani gida ne. Cif ɗinsa IP5306, na wani kamfani a Shenzhen. Shi kaɗai yana caji, yana ɗaga wuta, yana kunna 'yan fitilu huɗu masu nuna abin da ya rage. Cajinsa ya ninka na TP4056 sauri, kuma ba ya ƙona rarar wuta yadda wancan ke yi, sai dai ya yanka ta gutsi-gutsi da sauri ya juya ta.

Ga lissafin da muka yi, don masu sayen fawa bank su amfana. Kowane batir an rubuta masa 2,200 na ma'aunin da a ke taƙaitawa mAh. Uku sun zama 6,600. Amma wannan a kan bolt 3.7 ne. In aka ɗaga zuwa 5, sai ya koma wajen 4,900, a cire abin da zafi ya ci a hanya, a tsira da 4,200 ko kusa da haka, in ma baturan sababbi ne. Saboda haka wanda ya sayi mai lamba 10,000 ya ga bai cika masa waya mai 5,000 sau biyu ba, ba lalle an cuce shi ba. Wanda aka cuta shi ne mai sayen 18650 da aka rubuta wa 9,900. Mafi kyawun irin wannan batir a duniya tsakanin 3,500 ne da 4,000. Na gaske nauyinsa wajen giram 45 ne, na ƙarya kuwa in ka ɗaga sai ka ji shi sakayau.

Malam ya yarda in je da namu gida na mako ɗaya, domin yayata tana shirin jarrabawar fita, wuta kuwa an saba ɗauke ta da magariba. Waya ya cika ta lafiya lau. Amma da Yaya ta soka 'yar fitilar karatu, bayan kamar rabin minti sai ta mutu. Ta danna maɓalli ta kama, ta sake mutuwa. Dalili shi ne an koya wa cif ɗin cewa in abin da a ke ja ya yi kaɗan ƙwarai, to waya ta cika, ya kashe kansa don tattali. Wanda ya tsara shi waya ya ke tunani, bai yi tunanin mai karatu da 'yar fitila ba. A daren nan sai da ta haɗa wayarta da fitilar tare, sa'an nan ya zauna.

Da na kai wa Malam labari, ya ce mu rubuta abin da mu ke so namu bugun ya ƙunsa, mu manna a bangon ɗakin gwaji. Mun rubuta ma'aunin zafi a jikin batir, da rezista biyu a bayan bakin USB-C, da wata hanya ta gefe wadda za ta ba fitila wuta kai tsaye daga caja in ana caji, da baki na musamman domin fitilar karatu wanda ba ya kashe kansa. Wani ɗan ajinmu ya ƙara da cewa a huda robar domin iska. Ni kuma na ce a rubuta lambar bugu da kwanan wata a jikin fanel da alƙalamin da ba ya gogewa. Rezistocin Kawu ya ba mu kyauta. Ma'aunin zafin ne ba mu samu a kasuwarmu ba tukuna, amma ya ce akwai shi manne a cikin batirin tsohuwar laftof, kuma yana da guda biyu a ƙarƙashin tebur da za mu fasa ran Asabar.